Wai a kama giwan ruwa a sake shi

Ja'iri, saƙonka ya iso, har da bidiyon. Sau uku na sa ƙanwarka ta maimaita mini shi. Ga Bature tsaye cikin ruwa iya ƙugu, rungume da giwan ruwan da ya kusa kai tsawonsa, yana haki yana dariya. Aka ɗauke shi hoto, ya sunkuya ya tura kifin, kifi ya kaɗa wutsiya ya yi gaba. Matarka, kakarka nake nufi, tana leƙe ta bayana, sai ta ce, "Shi ke nan? To miyar fa?" Har yanzu ba ta huce ba.

Ka ce kai da abokan aikinka kun sayi irin wannan sandar fatsa mai keken naɗe zare, za ku riƙa zuwa dam ranar Asabar, kana so ka ji ko a al'adarmu ta masunta laifi ne mutum ya kama kifi don nishaɗi ya mayar da shi. Da fari dariya na yi, don na tuna kai ne yaron da ya cika jirgin fito da kururuwa a Yelwa alhali ba a ko kwance igiya ba. Da na ga sunan kifin da kuke buri kuma, sai dariyar ta tsaya.

Wannan na bidiyon a Masar ne, Tafkin Nasser, bayan madatsar Aswan. Can aka fito da wani mai kilo 104 da fatsa a shekarar 2000. Masu wannan sha'awa suna zuwa Uganda ma, ƙarƙashin magangarar ruwan Murchison, suna zuwa kogin Faro a Kamaru, nan bayan Adamawa. Kuɗin jirgin sama mutum zai biya ya ƙetare teku don kifin da kakanninka suka girma suna banda. Bari in ba ka labarin ranar da na fara gamuwa da shi, ka ji abin da suke saye.

A 1966 ne, ina da shekara 13, saura shekara biyu a datse ruwa a Kainji. Ka san Kwara, kogin namu, sau biyu take cika a shekara. Farin ruwa na damina ne, mai laka. Baƙin ruwa kuwa ruwan saman ƙasar Gini ne, yana tafe wata da watanni, ya bi ta fadamun Mali ya sauke lakarsa, ya iso mana Yawuri cikin hunturu garau. To cikin baƙin ruwa ne Baffa, ƙanen mahaifina, ya tashe ni da tsakar dare ya ce in ɗauki filafili. Ban taɓa bin sa su da dare ba. Sanyi kamar zai tsaga ƙashi.

Muka gangara wani gurbi mai zurfi a gindin duwatsu. Baffa ya ciro 'yar karfasa mai rai daga gora, kamar tafin hannuna, ya soka mata ƙugiya a gadon baya yadda ba za ta mutu ba, ya sake ta. Igiyar ya ɗaura ta jikin wani babban gora, ragowar ya naɗe a tsakiyar jirgi. Ya ce da ni abu biyu: kada in yi tari, kada kuma in kuskura in naɗa igiya a hannu. Muka zauna. Na yi gyangyaɗi na farka, na sake yi. Ban san iya lokacin da muka ɗauka ba.

Sai na ji wani ƙara, bum, kamar an jefa turmi a rijiya. Giwan ruwa ba ya gutsurar abinci. Baki yake wangalewa ya zuƙe ruwan da abin da ke cikinsa gaba ɗaya, ƙarar ke nan. Goran nan, wanda ƙato ke hawa ya ƙetare kogi, na ga ya nutse kamar an danna shi da ƙafa. Igiya ta fara gudu tana kuka a bakin jirgi. Ni kuma don azarɓaɓi na kai hannu na cafke. Ka san farin layin da ya ratsa tafin hannuna na dama, wanda kana ƙarami na ce maka kada ne ya cije ni? Ƙarya na yi maka. Igiyar Baffa ce.

Bai ko dube ni ba. Ya dafe ƙafa a katakon jirgi, yana saki yana ja, jirgi kuwa ya juya da kansa ya bi kifi. Muka wuce duwatsu, muka wuce gungun da muke shanya taru, wutar garinmu ta ɓace. Sau biyu kifin ya yi tsalle. Ban gan shi sosai ba, sai wani fari ƙato da ya tashi tsaye yana girgiza kai, ya faɗo, ruwa ya watso mana. Nan ne ake rasa shi, don murfin kunnensa kaifi gare shi kamar zarto, in igiya ta gifta wurin ta yanke. Ina riƙe da hannuna ina kuka ƙasa-ƙasa, sai na ji wani sauti daga wajen Baffa. Na zaci salati yake yi. Ashe dariya ce. Mutumin da bai yi dariya ranar aurensa ba, ga shi cikin duhu, kifi na jan sa inda bai sani ba, yana ta ƙyaƙyatawa yana cewa, "Ja, ɗan sarki, ja! Ni ma ban gaji ba!"

Sai da aka yi kiran assalatu a wani ƙauye da ban san sunansa ba, sannan kifi ya taso ya kwanta a gefensa kusa da jirgi. Baffa ya ce in ɗaga fitila. Idon ne ban manta ba. Ya maido hasken kamar na kyanwa, ja-ja, yana kallonmu, kunnuwansa na buɗewa suna rufewa a hankali. Baffa ya daɗe riƙe da zago bai soka ba. Me yake tunani, bai taɓa faɗa mini ba. Daga baya ya yi bisimilla ya soka.

Kifin bai shiga jirgi ba, ɗaure shi muka yi a gefe, muka yi ta tuƙi muna hawan ruwa har hantsi. Maza huɗu suka ɗauke shi a sanda, wutsiya na jan ƙasa. Ɓawonsa ɗaya ya fi sule faɗi, na daɗe ina yawo da guda a aljihu. Ba mu da sikeli, don haka kada ka tambaye ni kilo. Da aka farke cikin aka sami kurungu guda bai ko fara narkewa ba, ga ƙwai kuwa ya cika ƙwarya.

Kowa na yi wa Baffa barka, ban da kakanmu. Ya zo da sandarsa ya tsaya kan ƙwaryar ƙwan, ya ce, "Kun kamo uwar gari." Iyakar maganarsa ke nan. Ya ci rabonsa fa, kada ka ɗauka ya ƙi. Aka cire na Sarkin Ruwa, aka aika wa liman, aka kai wa matan da mazansu suka rasu, saura aka yi banda. Kakan namu shi ne mai cewa, "Ruwa gona ce da ba kai ka shuka ba, ka shiga da sallama." In ya ga yaro yana wasa da kifi a kan yashi sai ya make shi, ya ce ko ka ci shi ko ka mai da shi, rai ba ƙwallo ba ne.

Ka ga ashe mu ma muna mayarwa. Sai dai ƙanana muke mayarwa, mu ce su je su girma, su kuwa mutanen bidiyonka manya suke mayarwa. Sai da na shiga kwalejin horon malamai na gane maganar tsohon: manya-manyan giwan ruwa kusan duk mata ne, guda ɗaya tana zuba ƙwai miliyoyi. Saboda haka ban ce Baturen nan mahaukaci ne ba, ko da kakarka ta ce. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a wahalar da kifi har ya galabaita, a rataye shi ta haɓa ana juya shi don hoto ya yi kyau, sannan a tura shi a ce an yi masa alheri. Kifi ne da ba ya jure wahala a wajen ruwa. Wani in an sake shi, gobe ka gan shi ciki sama a bakin gaɓa. Wannan ba a ci ba, ba a bari ba.

Kuma kada wani cikinku ya ce zai ɗauko 'ya'yansa ya zuba a dam ɗinku don ku sami na kamawa. Haka aka yi a Tafkin Victoria a shekarun 1950, zamanin Turawa. Kafin shekara talatin ya mamaye tafkin, ƙananan kifaye iri sama da 200 suka ɓace.

Ni da nake kushe, in na dubi namu na yanzu sai kunya ta kama ni. Ana jan ruwa da taru mai ido kamar gidan sauro, a kwashe har wanda bai kai ɗan yatsa ba. Wasu maganin ƙwari suke zubawa, ruwa ya yi fari da gawa, a kwasa a kai kasuwa mutane su ci. Sarkin Ruwa ya hana, a ce masa wa ya naɗa shi. Yaushe rabon da a ga maza huɗu ɗauke da kifi ɗaya a garinmu? Sai dai Argungu, inda ake rufe kogin Matan Fada a hana kamun kifi har ranar biki, kamar yadda ake yi tun 1934, sannan a saki dubban mutane da homa da gora. Shi ya sa a 2020 aka fito da mai kilo 78. Kai, in ka lura, su ma ai gasa ce, har da mota ake bayarwa. Amma kifin ba ya komawa ruwa.

Batun ko halal ne a soka wa dabba ƙugiya ba don ci ba, wannan na malamai ne, ka tambayi limaminku. Ni dai Baffa ya rayu shekara talatin bayan wannan dare, ya ba da labarin ya fi sau ɗari, ban taɓa jin ya ambaci nawa aka sayar da bandar ba. Kullum inda yake tsayawa ya gyara zama shi ne inda jirgi ya juya. Ranar da za ka ji igiya ta yi nauyi a hannunka za ka san dalili, abin da ke ba ni tsoro ke nan, don wanda ya ɗanɗana ba ya jin kira.

In kun je, ku fara neman masuntan wurin ku gaishe su, ku tambayi wanda ke riƙe da ruwan. Duk ruwa da mai shi, ko na gwamnati ne. Ka sa rigar nan mai hana nutsewa, kada ka ji kunyar abokai, ka san ba ka iya ruwa ba. In tsage kuka samu, kada ka kai yatsa kusa da bakinsa ko da ka ga ya daina motsi, haƙoransa a waje suke kamar ƙusoshi, zaren roba kuwa cizo ɗaya yake yi masa.

Ka taho da sandar in za ka zo Sallah, ina so in ga yadda keken yake sakin zare in kifi ya ja. Matarka kuma ta ce in gaya maka, na farkon da ka kama nata ne, in ka sake shi kada ka shigo mata ɗaki.