Kafin ka ɗauko monita, tambayi abin da za a jona mata

Tambayar da ka bar mini jiya bayan Isha'i ita ce: "Maigida, wani ɗalibi ya zo da riyal 600, yana son monita ta buga gem da shiga intanet. Na ga wata mai inci 27, an rubuta 165Hz da 1ms a kwalinta, in ba shi ita?"

Ban amsa maka a take ba don raina ne ya sosu. Wata bakwai kana shagon nan, amma har yanzu kwali kake karantawa. Ka faɗa mini inci, ka faɗa mini lambobi, ba ka faɗa mini abu ɗaya da ya kamata ka fara tambayar yaron ba: me zai jona mata? Kwamfutar tebur ce, laftof ce, ko PlayStation? In kwamfuta ce, wane katin hoto, wato na'urar da ke sarrafa hoton da za a nuna, ke cikinta? Ku yaran yanzu da kun ga lamba mai girma sai ku yi ta kallon kitse ga rogo. Wannan tambayar da ka tsallake ita ta ja mini asarar da har yau in na tuna sai shayi ya fita daga raina.

Wani mutum ne ya zo mini nan Jidda, ɗan gida, Hausa a bakinsa kamar yau ya baro Kano. Ya ce zai buɗe ɗakin buga gem, yana son monita shida masu inci 24, kuma lallai masu 144Hz, wato masu sauya hoto sau 144 a daƙiƙa, don haka ya ji samari na faɗa. Na tambaye shi injinan, ya ce kwamfutoci ne za a haɗa masa. Na ba shi kowace a riyal 650, sababbi dal a kwali, na rubuta fatura, wato rasit, guda ɗaya, "monita 6", na sa hannu. Ban rubuta lambar jikin ko ɗaya ba, saboda wai ɗan gida ne.

Kwana tara sai ga shi da dattawa biyu, ana gab da kiran Magariba, yana ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo. Wai na sayar masa da jabu, duk shidan 60Hz suke nunawa. Da na matsa da tambaya sai ta fito cewa PlayStation 4 ya sayo na hannu, bai haɗa kwamfutar ba. To PlayStation 4 ba ta fitar da abin da ya wuce hoto 60 a daƙiƙa, ko da monitar zinariya ka jona mata. Na yi bayani, dattawan ba su san Hz ba, abin da suka sani shi ne zumunci, suka ce in yi haƙuri in karɓi kayana. Na buɗe kwali biyu na sama, na ga lafiya lau, na mayar masa da kuɗinsa cif, muka tafi masallaci tare, sahu ɗaya.

Washegari na buɗe sauran huɗun. Biyu daga ciki ba nawa ba ne. Samfuri ɗaya, launi ɗaya, amma tsofaffi, ƙura ta cika ramukan iskarsu. Ɗaya tana da koren layi siriri daga sama har ƙasa, wato gilashin ya tafi, kuma gilashi shi ne kusan duk kuɗin monita, ba a gyara shi a ci riba. Ɗayar kuwa fitilarta takan kama ta mutu bayan daƙiƙa biyu. Lambar da ke bayansu daban, ta jikin kwali daban. Har adaftar wuta ya musanya mini, ya ɗauke ta asali mai bolt 19 ya jefa wata mai 12 da bakinta ya yi daidai. Na kira shi, ya ce in nuna masa inda aka rubuta lambar a fatura. Ina zan nuna? Riyal 1,300 suka tafi a nan, sauran huɗun kuma da yake an buɗe su sai da na rage ɗari-ɗari kafin suka fita. Riyal 1,700 ke nan. Hausawa suka ce kunyar mara kunya asara ce, ni na biya kuɗin karatun wannan maganar. Shi ya sa in na gan ka kana rubuta fatura ba lamba nake yi maka tsawa a gaban mutane, kuma ba zan daina ba.

Yanzu ga ɗalibinka. Monitar nan ta inci 27 da ta burge ka, na san ta, mai ɗigo 1920 a faɗi da 1080 a tsaye ce. Ɗigogin hoto miliyan biyu da 'yan kai ne a kowace monita mai wannan lamba, ko ƙarama ko babba. In ka shimfiɗa su a inci 24 za ka sami kusan ɗigo 92 a kowane inci, in ka ja su zuwa inci 27 sai su koma wajen 82. A gem ba lallai ya lura ba, amma yaron ya ce zai shiga intanet, kuma ɗalibi ne, karatu zai yi. A zaune a tebur, tazarar hannu ɗaya, zai ga gefen haruffa bai fita sumul ba, musamman rubutun Larabci mai wasula da ɗige-ɗige. Inci 27 na son 2560 a 1440, wanda ke ba da kusan ɗigo 109 a inci, amma wannan ɗigo miliyan 3.7 ne, ya fi na farko da kusan kashi 78 cikin ɗari, kuma katin hoto ne zai ɗauki nauyin. Mai katin GTX 1650 ko RTX 3050 ya tsaya a 1080. Da riyal 600, inci 24 mai 1080 za ka nema masa, ka sa ragowar kuɗin a ingancin gilashi.

Gilashi iri uku ne suka fi yawa a kasuwa: TN, VA da IPS. TN ka manta da shi, launinsa na sauyawa da zarar mutum ya karkata kai. VA yana da baƙi mai zurfi, bambancin haske da duhunsa kan kai wajen 3000 zuwa 1, ya dace da mai kallon fim a ɗaki mai duhu, amma mai araharsa yana jan jela a wuri mai duhu: buɗe shafi mai baƙin baya da farin rubutu, ka gangara da sauri, za ka ga rubutun yana dusashewa kafin ya dawo. Yawancin masu lanƙwasa da samari ke rububi VA ne, kuma lanƙwasa a inci 24 ado ne kawai. IPS bambancinsa wajen 1000 zuwa 1 ne, baƙinsa na ɗan yin toka-toka a kusurwa da dare, amma launi na tsaye ta kowane gefe kuma rubutu na fita tas. Wanda zai haɗa gem da karatu, IPS.

Batun Hz kuwa, ga lissafin da ya kamata ya zauna maka. A 60, kowane hoto yana tsayawa kashi 16.7 cikin dubu na daƙiƙa. A 144 ya koma 6.9. A 240 kuma 4.2. Ka ga tsallen farko ya kusa 10, na biyu bai kai 3 ba. Don haka daga 60 zuwa 144 ko makaho ya shafa linzamin kwamfuta zai ji bambanci, har a gangara shafi, amma tsakanin 144 da 165 da 180 kada ka bari a ƙara wa yaro ko riyal 50. Kuma duk wannan in injinsa na iya fitar da hotunan ne. In PlayStation 4 gare shi, ko laftof marar katin hoto na daban, ka ba shi IPS mai 75 ko 100 mai kyau, ya riƙe canjinsa. In PlayStation 5 ce, iyakarta 120, kuma a wasu wasanni kawai irin su Fortnite da Call of Duty.

A nan ne rami ke shigowa, ramin jona waya, abin da kusan kowa ke faɗawa ciki. Lambar da ke kan kwali sau da yawa ta ramin DisplayPort ce. PlayStation da Xbox ba su da wannan ramin, HDMI kaɗai gare su. HDMI 1.4 yakan kai 1080 zuwa wajen 120, kuma akwai tsofaffin monitoci masu 144 da ramin HDMI ɗinsu ke tsayawa a 60. HDMI 2.0 yana ɗaukar 1080 har 240, ko 1440 a 144. Saboda haka ka buɗe ɗan littafin da ke cikin kwali, wanda ku ba ku karantawa, ka nemi jadawalin da ya nuna abin da kowane rami ke karɓa. Ga mai PlayStation 5 ka tabbata an rubuta 120 a ƙarƙashin HDMI, don akwai mai 144 da ba ta karɓar 120 ta nan, sai injin ya koma 60. Ka kuma duba wace waya ce a kwalin. Da yawa HDMI kaɗai suke sakawa, mai kwamfutar tebur kuwa DisplayPort yake buƙata, ka sayar masa da ita tun a nan. Yadda ake jonawa ba sai na faɗa maka ba. Abin da zan faɗa shi ne Windows kan bar monita a 60 har sai an shiga saitin nuni an ɗaga da hannu, kuma rabin masu dawowa da ƙorafi wannan ne ciwonsu. Sauran rabin sun jona wayar a ramin uwar allo, wato babban allon cikin kwamfuta, sun bar katin hoto yana barci.

FreeSync ka tabbata akwai. Aikinsa daidaita bugun monita da yawan hoton da kati ke fitarwa, don kada hoto ya tsage a tsakiya. Na kamfanin AMD ne, amma tun Janairun 2019 katunan Nvidia daga jerin GTX 10 zuwa sama suna aiki da shi ta DisplayPort. Xbox na amfani da shi ta HDMI. PlayStation 5 kuwa nata tsarin na HDMI 2.1 take nema, wanda monita mai araha ba kasafai take da shi ba, kada ka yi wa kowa alkawarinsa.

Ita kuma 1ms ɗin nan da ka rubuto mini da alfahari, wato saurin amsawar gilashi, duba ƙananan haruffan da ke gefenta. In MPRT ne, fitilar baya ce ake kashewa ana kunnawa da sauri don a rage dishi-dishi. Haske na raguwa sosai, wasu kansu na ciwo, kuma a yawancin monitoci ba ya aiki tare da FreeSync, sai ka zaɓi ɗaya. In GtG ne, an auna shi ne da saitin gudu a ƙarshen maleji, inda kowane abu mai motsi ke jan farar inuwa a bayansa. Ka bar wannan saitin a tsakiya. Haka HDR, tsarin ƙara zurfin haske da duhu, a monitar riyal 600, rubutu ne. Abin da za ka duba shi ne haske: a ma'aunin da ake kira nits, 250 ya isa ɗaki mai labule, amma in teburinsa na fuskantar taga, da ranar garin nan, nemi 300.

Abu biyu da babu mai tambaya sai ya isa gida. Na farko sauti: yawancin masu araha ba su da lasifika, mai PlayStation zai amfana da ramin abin kunne na milimita 3.5 a bayanta. Na biyu ƙafa: ta mai araha sunkuyawa kawai take yi, ba ta hawa ba ta sauka, don haka duba ramukan kusoshi huɗu a baya, masu tazarar milimita 100 a 100 ko 75 a 75, ko nan gaba ya ɗaura ta a hannun riƙe monita.

Kafin ta bar shago, a gabansa za ka kunna ta. Cika fuskar da fari, sannan baƙi, ja, kore, shuɗi, ka matso da idonka kana neman ɗigon da ya mutu ko ya maƙale. A baƙin, kashe fitilar shago ka duba gefuna ko haske na zubowa. Sannan rage haske zuwa ƙasa ka ɗora kyamarar wayarka a kai, in ka ga layuka na gudu, fitilar na ƙifta ido, mai dogon karatu zai sha wahala. Wayar nan da ba ta barin hannunka, ga amfaninta guda.

In ya ce zai leƙa Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, ko kasuwar Sawarik ya sami ta hannu, ba haramun ba ne, akwai kaya masu kyau. Amma ka tuna masa sabuwa tana zuwa da garantin shekara 2 a ƙasar nan, kuma fatura ce shaidarsa. Ka kuma tabbata farashin da ka faɗa masa ya haɗa da harajin kashi 15, kada ya zo biya ku fara musu. Ka gaya masa kada ya bar ta a mota da azahar, kada kuma ya kwantar da kwalin ya ɗora kaya a kai, a tsaye ake ɗaukarta.

Sai fatura. Samfuri, lambar jiki harafi bayan harafi, ka gwada ta bayan monita da ta kwali ka ga sun zo ɗaya, ka rubuta bolt da amfiya na adaftar, ya sa hannu cewa an gwada a gabansa. In kaya suka dawo, ko limamin unguwa ne ya rako su, kowane kwali sai an buɗe, ko ana tada iƙama sai dai su jira mu idar.

Kira yaron yanzu ka tambaye shi injinsa. In ya ce bai san sunan katin ba, ya ɗauko hoton bayan kwamfutar ya turo, ni zan duba. Waccan ta inci 27 kuma ka mayar da ita inda ka ɗauko ta, kwalin yana tare hanya tun jiya.