Amsa kan hotunan kuregen bakin gonar gyaɗa

Salamu alaikum ɗan'uwa. Na duba hotuna ukun da ka sa, kana tambayar me ya sa suka fito dishi-dishi ba armashi.

Laifin farko ba na kyamararka ba ne, tsayuwarka ce. Kana tsaye ka ɗauko kuregen daga sama, shi ya sa ya saje da ƙasa, don launin gashinsa da jar ƙasar nan kusan ɗaya ne. Ka kwanta rub da ciki, kyamara daidai tsayin idonsa. Rigarka za ta sha ƙura, amma ciyawar bayansa za ta dushe, shi kuma ya fito fes, har farin layin nan na gefen cikinsa.

A hoto na biyu kyamarar ta kama karan dawa ne, ta bar idon. In ido bai fito tas ba, hoton dabba ya tashi aiki. Kurege kuma ba ya zama wuri ɗaya, sai ka kai saurin ɗauka 1/1000 (wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa), ka ɗaga ISO (ma'aunin ƙarfin jin haske na kyamara) zuwa 800 in haske ya gaza.

Na ukun ya fi burge ni, inda ya miƙe kan ƙafafun baya yana riƙe da gyaɗa. Kash, ka datse masa jela! Ai rabin kyansa a jelar yake.

Ka bar ɗauka da tsakar rana. Ka je da hantsi, ka zauna shiru nesa kaɗan da raminsa, rana tana bayanka, da kansa zai leƙo.