Yadda farashi zai fito daidai a shafinka na kasuwanci

Tambaya: Ina haɗa wa yayana shafin sayar da atamfa, masu saye na Najeriya da na Nijar. Farashi yana fitowa 25000 kawai, ba waƙafi ba alamar kuɗi. An yi mini tallan wata manhajar da ke gyara hakan. In saya, ko in rubuta tawa?

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka, kuma kada ka wahalar da kanka da rubuta taka. Idan da yaren rubuta manhaja na JavaScript kake aiki, Intl.NumberFormat, abin tsara rubutun lambobi, yana nan a ciki kyauta. Ka ba shi en-NG (Turancin Najeriya) da NGN (naira), sai 25000 ta koma ₦25,000.00. Ka ba shi fr-NE (Faransancin Nijar) da XOF (sefa), zai raba dubbai da sarari, ya sa F CFA a ƙarshe, ba zai ƙara sifili biyu ba, domin a tsarin ISO 4217 na kuɗaɗen duniya sefa ba ta da ƙaramin kuɗi irin kwabonmu. A nan masu rubuta nasu ke tuntuɓe, sai su ɗauka duk duniya yadda muke rubutawa take yi. Bajamushe 1.500,50 yake rubutawa, dinarin Kuwait kuma lambobi 3 ne a bayan ɗigonsa. Mai aiki da yaren PHP ya nemi takwaransa NumberFormatter, domin an cire tsohon money_format tun PHP 8.0.

Ka sani dai Intl.NumberFormat ado kawai yake yi wa lamba, ba ya canji. Farashin sefa kai za ka lissafa shi daban.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda kake ajiye kuɗin. Gwada 0.1 + 0.2 a JavaScript, za ka ga 0.30000000000000004 maimakon 0.3. Kuɗin mutane ne fa. Ka ajiye farashin naira a kwabo, cikakkiyar lamba, ka yi lissafinka a haka, sai lokacin nunawa ka raba da 100. Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, shi ma da kwabo yake karɓa: naira 25,000 ita ce 2500000. In ka tura masa 25000, turmin yayanka ya tafi a naira 250.

Tambaya: Na'urar buga rasidin shagona tana sa alamar tambaya a madadin ₦. In sayi sabuwa?

Amsa: Hajiya, dakata tukuna. A fara duba ko manhajarki na aiki da UTF-8, tsarin haruffan da ya san alamar ₦. Idan na'urar ce ba ta san alamar ba, a riƙa sa NGN gaban farashi, ya wadatar. In kuma dole sai kin canza, kada ki biya sai mai sayarwa ya buga miki ₦ a gabanki kin gani.