Sai na sayi durom kafin in haɗa taki a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gidan haya a Kano, ina da 'yan shuke-shuke a buhuna, alayyahu da tumatir da zogale. Naga ana tallar wani durom na roba a Instagram wai na mayar da sharar kicin taki, amma da tsada. In saya ne? Kuma ina tsoron wari saboda maƙwabta.

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Gaskiya ki riƙe kuɗinki. Ba durom ɗin ke yin taki ba, ƙananan halittu ne da ido baya gani suke cinye sharar, su kuma abinda suke so iska ce da danshi da abinci, in sun samu ko a tsohon bokitin fenti ne zasu yi aikinsu. Ki samu babba mai murfi, ki ɗora ƙusa a wuta ki huhhuda jikinsa da gindinsa sosai, ki ɗora shi kan bulo a inuwa.

Maganar wari kuwa, daga jiƙa yake zuwa. Mutane sai su yi ta zuba ɓawon ayaba da na kankana da ruɓaɓɓen tumatir da tsinken alayyahu su kaɗai, abin ya kwanta ya zama caɓi babu hanyar da iska zata shiga, to dole ya yi ɗoyi ƙuda su taru. Duk sanda kika zuba kwano ɗaya na ɗanyen kayan kicin ki bi shi da kwano biyu ko uku na busasshe, ganyen darbejiyar da kike sharewa kullum, ɓawon gyaɗa, buntun shinkafa, ko kwali a yayyaga ƙanana, sai ki barbaɗa 'yar ƙasa a sama. Ki riƙa damƙa a hannu kina matsewa, in ruwa na zuba ya yi yawa ki ƙara busasshe, in kuma ya warwatse to ya bushe ki yayyafa ruwa. Lokacin hunturu sai kin kula da wannan sosai don iskar nan busar da shi take, in ba haka ba sai ki dawo bayan wata ki tarar da sharar yadda kika zuba ta. Duk sati ki juya da sanda.

Dan Allah banda nama, ƙashi, kifi, ragowar miya mai mai, su ke kawo ɓera da kyankyaso. Banda kashin mage ko kare, banda leda, batir kuwa ko kusa, abinci zaki shuka. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi ya yi laushi yana ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko, shi ne ya nuna.

Tambaya: Ina da fili bayan gida a Zariya. Kashin kaji ya kamata in saya ko na awaki? Kuma in na fara haɗa nawa zan iya daina sayen takin zamani?

Malam, in zaka zuba kai tsaye ne sayi na awaki ko tumaki wanda ya kwana biyu ya bushe, yana da sanyi. Na kaji ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba amma ɗanyensa ƙona shuka yake, sai dai ka sa shi cikin tarin shara ya ruɓe tare, kuma a nan yake da daɗin aiki don shi ke tayar da zafi, ka tura hannu tsakiyar tarin bayan 'yan kwanaki ka ji ya ɗau zafi sosai, har yakan haura digiri 55, zafin nan ne ke kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cuta da dama. Tunda kana da fili yi tari mai kamar mita ɗaya tsawo da faɗi, ƙarami baya riƙe zafi. Da rani rami ya fi don danshi, da damina kuma a sama ka rufe da tsofaffin buhuna kada ruwa ya kwanta. Toka kaɗan zaka sa, in ta yi yawa tana korar naitirojin, wato sinadarin da shuka ke buƙata, daga kashin ya bi iska.

Takin zamani kuwa ba zan ce ka daina lokaci ɗaya ba musamman in masara ce. Yuriya kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, takin gida da ƙyar yake kai kashi 2, amma shi yana gyara ƙasar kanta ta riƙa riƙe ruwa, abinda buhun NPK baya yi, shi yasa manoman kewayen Kano tun da can suke kwasar shara da taki daga cikin gari zuwa gona a mangala. Ga kayan miya na gida ya isheka shi kaɗai. Ga masara haɗa su, ka zuba na gida kafin shuka, sai ka rage na zamani a hankali kana duba yadda ganyen yake.