Amsa: Gajeriyar hanya zuwa kufan Anasazi a jihar Yuta ta Amurka

Malam, tunda gajeriyar hanya kake nema da yara, ka nufi House on Fire, wato kufan rumbunan Anasazi (mutanen da suka zauna a yankin a zamanin da), a kwarin Mule, yamma da garin Blanding ta titi mai lamba 95. Zuwa kusan kilomita 1.5 ne cikin busasshen rafi, sai ɗan hawan dutse a ƙarshe.

Ku isa tsakanin ƙarfe 10 da 11 na safe. Lokacin ne hasken da ke dawowa daga dutsen ƙasa yake sa dutsen da ya rufe saman rumbunan ya yi kamar harshen wuta. Rana na take, shi ke nan, kamannin wutar ya ɓace.

Kowa ya riƙe ruwa lita 2. Daga Yuli zuwa Satumba, ko daga nesa ka hango hadari, kada ku shiga kwarin, ambaliya ba ta sallama. Rumbunan laka ne da dutse, kada yara su jingina.