Wane injin sassaƙa ƙarfe ya dace da ƙaramin shago?

Tambaya: Ina da ƙaramin shagon aikin ƙarfe, kuma ina son sayen injin sassaƙa ƙarfe mai aiki da kwamfuta. Me ya kamata in fi lura da shi?

Amsa: Malam, ka fara auna kauri da tsawon kayan da ka fi sassaƙawa, domin idan ramin tsakiyar injin milimita 50 ne, sandar ƙarfe mai kaurin milimita 60 ba za ta bi ta cikinsa ba, komai tsadarsa. Ka kuma tabbatar shagonka yana da wutar lantarki mai layi uku (three-phase), wadda galibin irin waɗannan injuna ke buƙata. A ganina, gara mai na'urar sarrafawa ta kamfanin Fanuc ko Siemens, saboda masu gyaransu sun fi samuwa. Idan injin wanda aka taɓa amfani da shi ne, a sassaƙa gwaji a gabanka, ka auna da kanka.