Kada ka fassara wa yaro zanensa

Ka tambaya, kai da ka fara aikin jinyar damuwa ta hanyar zane, ko za ka rubuta a fayil cewa yaron nan yana cikin fushi da tsoro, tunda ya cika takardarsa da baƙi da ja. Kada ka rubuta, ɗana. Launi ba shi da ma'ana guda. Mai yiwuwa baƙin fensirin ne kaɗai aka feƙe ranar. Mai zanen ne zai faɗi abin da ya zana, naka ka ce masa, "Ba ni labarin wannan wurin," sannan ka yi shiru. Kada kuma ka ce ya yi kyau, domin daga ranar zai koma zana abin da zai burge ka.

Dalilin da aikin ke ci shi ne abin da ya tokare a ƙirji, baki ya kasa furtawa, hannu kan iya fitar da shi. Da zarar ya sauka kan takarda, mutum na iya kallonsa daga nesa, ya rufe shi, ya ninke, ko ya ƙara wa ɗakin da ya zana ƙofar fita. Adrian Hill, mai zane ɗan Ingila, ya lura da amfanin zane lokacin da yake jinyar tarin fuka, shi ne kuma ya raɗa wa sana'ar suna "art therapy", wato jinya ta hanyar zane, a 1942.

Inda sababbin hannu ke yin ɓarna shi ne wajen zaɓen kaya. Fensir da kala busasshe suna bin umarnin hannu, don haka da su ake farawa da wanda ya ga tashin hankali. Fentin ruwa yana malala inda ba a aike shi ba, yumɓu mai laushi kuma yana taɓa jiki. Dukansu kan buɗe zuciya da sauri fiye da yadda mutum zai iya ɗauka. Idan ka ga numfashinsa ya sauya ko idonsa ya kafe, janye ruwan a hankali, ba shi ƙaramar takarda da fensir, ka zana masa da'ira ya cike ta.

Zaman minti 50 ya isa: 5 na gaisuwa, kamar 30 na aiki, 10 na magana, sauran na tattara kaya da wanke hannu. Wannan tattarawar ba ɓata lokaci ba ce, ita ke dawo da shi cikin ɗakin kafin ya fita. Rana ɗaya, wuri ɗaya, kowane mako.

Wasu iyaye ba sa son a zana mai rai. Kada ka yi musu gardama, zanen dagi, na hula ko na lalle ma yana ɗaukar nauyin. Zanen kuwa a ajiye shi cikin fayil da kwanan wata, ba a manna shi a bango sai da yardar mai shi. In ya ambaci kashe kansa, ko wani da ke cutar da shi a gida, ranar za ka sanar da mai kula da aikinka a haɗa shi da likita.